Faifan da Ke Cajin Rediyon Inna

Rediyo uku Inna ta kashe a shekara guda, kuma duk ta hanya ɗaya. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin ramin caji, sai ta lalubo shi da yatsa ta cusa wayar a juye da ƙarfin mai daka. Ni kuwa gyaran rediyo ne sana'ata a Birnin Kudu tun da aka yanke mana Jigawa, don haka shagona ake kawo gawar kowanne.

Da na ukun ya mutu, yayana ya samu hujja. Ya ce tsohuwar da ba ta iya sa caji ba ta isa zama ita kaɗai a Gwaram ba, a kwaso ta ta dawo gidansa. Ni ta gaya wa cewa in za a raba ta da ɗakinta da maƙwabtanta, a taho da likkafani. Hankalina ya tashi, na roƙi yayana mako uku.

Na taɓa karantawa cewa wuta kan tsallaka daga naɗin waya zuwa wani ba tare da sun taɓa juna ba, muddin suna kusa, kuma abin da za a ciyar ba mai ci ba ne. Batirin rediyon Inna kuwa ɗan mitsitsi ne. Na warware wayar wata matacciyar fanka, na yi naɗi biyu masu faɗin gurasa. Ɗaya na liƙa a gindin rediyo na ukun bayan na gyara shi, ɗaya na binne a cikin katako. Sai da na ƙona taransisto huɗu da yatsa ɗaya kafin jar fitilar caji ta kama.

Ranar kasuwar Gwaram na ɗaura kayan a babur, na je na haɗa katakon da solar da ke kan rufinta. Na ce ta riƙa ɗora rediyon a kai kawai. Ta shafa naɗin, ta ce ai faifai ne na ɗinka, sai dai ɗinkin raggo.

Bayan kwana biyar saƙo ya zo wai rediyo ya yi shiru. Yayana har da tambayar motar da za ta ɗauko gadonta.

Da na shiga ɗakin na ga abin da ya faru. Inna ta ciro farantin ƙarfenta na jere, wanda tun aurenta ba a taɓa cin abinci a kansa ba, ta shimfiɗa a kan katakon, ta ɗora rediyon bisa. Na taɓa farantin, na ji ɗumi. Na yi mata bayani cewa ƙarfe ne ke shanye wutar kafin ta kai ga rediyo.

Ta ce, "Abin da ɗana ya ƙera da hannunsa ba zai zauna a tsiraran katako kamar kayan miya ba."

Na rasa ko dariya zan yi ko ƙwalla. Na ce to a sa komai ban da ƙarfe, kuma kada ya yi kauri. Ta aika a sayo mata kaba.

Ranar da wa'adina ya cika muka je tare da yayana. Tun daga zaure muka jiyo rediyo yana ta zuba. A kan katakon akwai sabon faifai, siriri, daidai faɗin naɗina, ta yi masa ɗan tudu a baki don hannunta ya san inda zai ajiye rediyon. Da lalube ta ɗinka shi, amma ɗinkin bai karkace ko sau ɗaya ba.

Yayana ya daɗe yana juya faifan a hannunsa. Daga nan ya mayar da shi wurinsa, ya ɗora rediyon a tsakiya, ya tambayi Inna ko rufin ɗakin yana buƙatar gyara kafin damina.