Bakaniken Da Ya Toshe Mini Salansa

Mu masu yankan katako Kunne muke kiransa, don ba ya buɗe inji sai ya saurare shi. Ka kai masa injin zartonka, ya ce ka tayar, ya karkata kai, ya gaya maka ciwonsa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne ba taga, sai benci da ya sha baƙin mai da gwangwanayen noti a jikin bango.

Ƙara wa inji ƙarfi ne ya yi masa suna. Yakan huda salansa, ya goge hanyar hayaƙi da magagari, ya murɗa kafireto mai ya riƙa shiga da yawa. Inji ya fito yana ruri, yana cin gungume kamar ana yanka sabulu. Mu kuma da wayonmu na banza muna tuttula baƙin mai cikin fetur ba awo, wai kada inji ya ƙone. Kana durƙushe kan gungume, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe ka, kai kuwa kana jin ka cika namiji. Wanda injinsa ba ya hayaƙi, dariya muke masa.

Shekara shida ina haka, sai tari ya kama ni, irin mai tsayar da mutum tsakiyar aiki. Matata ta yi magana har ta gaji, ni ko na kafe ƙurar katako ce.

Ran nan na kai masa injin don ya ƙara faɗin hudar. Ina cikin bayani tarin ya sarƙe ni, na dafa benci. Da na ɗago sai na ga ya karkata kai yana saurarena.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Ba komai, Baba, ƙura ce."

"Ƙura ba ta wannan kukan. Na san shi, da irinsa nake tashi kullum. Bar injin, ka dawo jibi."

Da na koma, na tarar ya toshe hudar da walda, ya rage man kafireto, ya wasa sarƙar haƙori bayan haƙori. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Baba, ƙarfi na ce ka ƙara, ba ka mayar mini da shi keken ɗinki ba."

"Sarƙa ce ke yanka, ɗana, ba ruri ba." Ya miƙo mini sirinji da ya yi wa alama da jan fenti. "Iya nan za ka riƙa zuba baƙin mai a kowane galan. Kuma ka je a duba ƙirjin nan."

Ko na gode ban ce masa ba, Allah ya yafe mini. A daji abokan aiki suka samu abin yi: "Tela, ɗinka mana wando." Injin ya ɗan rage sauri, ba zan yi ƙarya ba. Amma sai na ga ina tashi daga aiki idona ba ya raɗaɗi, kaina ba ya sara. Likita ya ce na zo da sauran lokaci. Kafin wata huɗu tarin ya lafa.

Daga kaina Kunne bai sake huda wa kowa salansa ba. Masu son ruri suka koma wajen wani bakanike, shagon Kunne ya yi sanyi, bai kuma taɓa yi mini ƙorafi ba. Na tambaye shi ko bai yi nadama ba, ya ce hannunsa ne ya huda, gara hannunsa ya toshe.

Shi kam bai zo da sauran lokaci ba. Shekara talatin yana gwada inji a ɗakin nan, hayaƙi ba hanyar fita. Yanzu a ƙofar shago yake aiki, a kan kujera, in ya ja igiyar inji sau biyu sai ya zauna yana haki. Shi ya sa kowace safiya kafin in wuce daji nake biyawa ta wajensa. Yakan jera injinan da ya gyara yana jirana, ni nake ja masa igiyar, tunda ni ke da numfashin.