Maganar da Ƙanena Ya Yi a Talabijin

Ko gobe aka kai ni makwancina, da wannan yammacin zan tafi a raina. Mu huɗu ne a ɗakin ranar, a unguwar Harra ta Gabas, nan ƙasa mai tsarki: ni, da maigidana, da matar ƙanena, sai maƙwabciyarmu Balarabiya mai talabijin. Wanda aka taru dominsa ba ya nan.

Ƙanena ke nan. Ni na goyo shi muka ratso Sudan a hanyar hajji, bayan iyayenmu sun rasu. Ya girma yana sayar da carbi a Uhudu, kwatsam sai ya fara zuwa Jidda wai wasan kwaikwayo. Shekara goma sha biyar aikinsa ɗaya ne: ya shigo da tiren gahawa, ya rusuna, ya ce "Hadir ya sidi," wato "To, ranka ya daɗe," ya fita. Yau mai gadi, gobe bara. Masu karatu sun ce ko sunansa ba a rubutawa daidai. Tun farko na gaya masa: "Ban goyo ka don ka riƙa yi wa ƙattai rusuno a bainar jama'a ba. Muddin kana wannan abu, ba ka ƙara ci a kwanona." Ni kuwa ba na lashe amaina. Ko a Harami muka haɗu, sallama ce kawai, kowa ya kama gabansa.

Ranar matarsa ta zo har gida. "Yaya, don girman Allah ki zo ki gani. Yau dai an ba shi magana." Gaskiya na bi ta ne don in ƙara samun abin faɗa.

Ya fito a matsayin alhajin da ya ɓata a kasuwa. Daga baya na ji cewa mai shirya wasan ce masa ya yi, yi ta surutu da yarenku na Takari, ko me ka ga dama, dariya kawai ake nema. Babu mai jin Hausa a cikinsu.

Sai ga shi, furfura ta cinye gemu. Wallahi ban san ya tsufa haka ba. Yana ɗaga hannuwa kamar mai neman hanya, ya ce da Hausa tsantsa: "Jama'a, na gaji. Gwiwoyina sun gaji da rusuno. Ba wani aikin da na iya. Yaya, in kina kallo, na yi marmarin miyar kukarki."

Maƙwabciya ta tuntsire da dariya har da dukan cinya. "Esh yigul? Me ya ce, ya Hajja?"

Maigidana ya sunkuyar da kai. Matar ƙanena ta ja gyale ta rufe fuska. Na ce, "Hanyar gida yake tambaya."

Ban yi karatu ba, amma ranar na ɗauki darasi: idan ka toshe ƙofarka da rantsuwa, ɗan'uwanka zai je ya yi kukansa a inda ake masa dariya. Ni ma na gaji da fushin, girman kai ne kawai ya hana ni saukewa.

Washegari bayan asuba na kwance ƙullin kukar da wata hajiya ta kawo mini daga Kano, na tuƙa tuwo, na kaɗa miya, na shiga mota zuwa Uhudu. Na tarar yana jera carbi. Da ya gan ni ya zabura zai rusuna.

Na ce, "Zauna, kai. Yau ni ce mai tire."