Faya-fayan Inna Delu

Dokta Bashir ya raba ni da 'ya'yan ƙanena har Asabar uku, kuma da baki kawai ya yi wannan aika-aika. Abokin ƙanen nawa ne. Ya je gidansu a bayan titin Jalan Semarak, a nan ƙasar Malay, ya ci tuwonsu ya ƙoshi, sannan ya ce wa matar gidan, Maman Iman, kada ta ƙara barin yara su zo ɗakina, wai kiɗan 'yan ƙwaya nake kunna musu. Ni Sabo, da ko sigari ban taɓa kaiwa bakina ba! Na san ban yi boko ba, a aji biyu na sakandare na tsaya, kuma nama nake gasawa a wani gidan abincin Larabawa a unguwar Bukit Bintang. Amma kiɗan nan na san inda na gaje shi. A hannun kakata ne.

Inna Delu muke ce mata. A Fagge muka tashi, gida ɗaya, jikoki kusan goma. Kakanmu kuku ne na wani Bature a reluwe. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa garmaho mai batir da akwati guda na ƙananan faya-fayi. Bayan kakanmu ya rasu babu wanda ya kula akwatin. Baffanninmu sun gwada faifai ɗaya suka ce wannan ai hayaniya ce, ko a rediyo ba a taɓa jin irinta ba. Inna ta ce to a bar mata.

Ba ta iya karanta rubutun jikinsu ba, sai ta huda kusurwar kowane kwali ta ɗaura masa zare. Jan zare na aljanu ne. Baƙi na hadari ne. Akwai wani mai koren zare da take kira Kukan Rijiya, wanda jitarsa ke ƙugi kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani, can kuma sai sautin ya riƙa komawa da baya, kamar wani ne yake zuƙe shi.

Bayan Magariba, idan an ci tuwo, sai ta tura dankali cikin garwashin murhu, ta kife turmi ta ɗora garmahon a kai. Batiran ma tun da rana take shanya su a kan katanga, wai su sha ƙarfi. Mu kuwa mun yi da'ira, ana ture-turen wanda zai zauna kusa da ita.

"Ga ta nan tana juyawa," in ji ta.

"Ta juyo mu ji ta!"

Ba ta kunna faifai a banza. Sai labari ya kai inda bakinta ba zai iya ba, sannan ta sauke allura. Idan batir ya yi sanyi muryar mawaƙin ta fara ja, sai ta ce, "Kun ji? Dodon ya ƙoshi, barci yake ji." Mu yi ta dariya har wani ya ƙone yatsa wajen ciro dankali.

Labarin da na fi so shi ne na wani mai gurmi da garinsu ba sa son kiɗansa. In ya kaɗa a kasuwa a kore shi, in ya kaɗa a biki a ba shi goro a ce ya yi shiru. Da ya gaji, sai ya koma bakin wata tsohuwar rijiya a bayan gari, kullum ya leƙa ya kaɗa mata. Haka ya yi ta yi har ya mutu, aka manta da sunansa. Bayan shekaru masu yawa wata baƙuwa mai ƙishirwa ta zura guga. Da gugan ya fito, ba ruwa kaɗai ya ɗebo ba. A nan Inna take sauke allura a kan mai koren zare. Tsigar jikinmu ta tashi, har ƙanwata ta ɓoye kanta a zanen Inna. Baƙuwar ta yi rawa ita kaɗai a dawa, ta sha ruwanta, ta yi gaba tana rera kiɗan.

"Inna, shi mai gurmin me ya samu?" na taɓa tambayarta.

"Kai Sabo, ka cika son riba kamar ɗan koli. Ya samu wadda ta ji shi mana. Tashi, allura ta kai ƙarshe, kowa ya nufi uwarsa."

Akwatin ya ɓata bayan rasuwarta, ban san wanda ya zubar da shi ba. Ni ma na manta, sai da ƙanena ya samu aikin koyarwa a nan ya jawo ni. Wata rana a unguwar Brickfields ina neman wurin tapau, wato abincin da ake ƙunshe wa mutum ya tafi da shi, na ji ƙugin jitar nan yana fitowa daga wani ɗan shagon tsofaffin kaya. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har mai babur ya zage ni. Mai shagon wani dattijon Ba'indiye ne. Shi ya faɗa mini sunan abin, wai saikadelik, mai zafin gangar kuma wai firikbit. Ya ce yawancinsu samari ne na shekarun sittin, su haɗu su buga faifai ɗaya, babu wanda ya saya, su watse, wannan ya koma kanikanci wancan ya koma tuƙin mota. Har na samarin Malay ya kunna mini. Na ce in saurari wani? Ya ce, "Boleh, boss, boleh lah," wato ba komai, maigida, saurara.

A tsaye a shagon nan, da furfura a gemuna, na gane labarin Inna. Waɗannan samarin su ne mai gurmin. Abin da nake so a kiɗansu ke nan: ba su da suna, ba su da gata, amma sun zuba duk ƙarfinsu cikin minti biyu da rabi, kamar sun san wani mai gasa nama daga Fagge zai zo ya zura guga.

Na sayi garmaho, na nemi zare kala-kala. Duk Asabar 'ya'yan ƙanena, Iman da Hanan, su zo, in kunna rishon gas in gasa musu masara, in ba su labarin Inna. Yaran da ko gaisuwa da Turanci suke amsawa, sai ga su suna rigima da Hausa a kan wane faifai ne na aljanu. Wannan ne Dokta ya tsinke. Da na yi wa Maman Iman magana sai ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, mai ilimi ne ya faɗa. In ya janye, su zo."

Na samu Dokta da yamma a mamak, irin shagon mai shayin nan na ƙasar, yana shan shayi. Na zauna ba a ce in zauna ba.

"Malam Sabo, ai ba da wani nufi na faɗa ba. Karatu ne ya nuna masu irin wannan kiɗan..."

"Ka taɓa ji?"

"To, ba lallai sai na ji ba."

Na ajiye wayata a kan tebur, na kunna masa ɗaya da na ɗauka daga garmaho. Ya tamke fuska kamar mai duba jarrabawa. Ganga ta shigo, jita ta biyo ta. Ba a yi minti ɗaya ba teburin ya fara motsi, shayinsa na tangaɗi a kofi. Na leƙa ƙasa, sai ga takalmin Dokta yana dukan siminti, bai ma sani ba.

Na ce, "Dokta, wace ƙwayar ka sha? Ƙafarka dai ta riga ta ba da shaida, saura bakinka. Ɗauki wayarka ka kira Maman Iman yanzu, ina zaune a nan."