Jiragen Ruwan Chamsou

Chamsou mutumin Tawa ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, yana naɗe kwalaye da leda yana rubuta musu sunayen garuruwa. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tsofaffin jiragen ruwa na wasan yara, na gwangwani masu aiki da batir, waɗanda aka ƙera tun ba a haife shi ba.

Na farkon a tarkacen wani Ba'indiye mai tashi daga shago ya tsince shi. Ya kankare tsatsa, ya sa batir, farfela ta juya. Shi ke nan. Yau goma sha huɗu gare shi, jere a saman gadonsa a Al Nahda, a flat ɗin da suke su shida. Ranar hutu yakan cika bahon wanka ya sake su ɗaya bayan ɗaya, abokan zama na tsaye a ƙofa da tawul a kafaɗa, suna cewa:

"Yalla, Commandant, mu ma mutane ne!"

Matarsa Hannatou tana gida Tawa. Wata rana a wajen suna aka tambaye ta sana'ar maigidan, ta ce harkar cargo yake yi, kuma yana da jiragen ruwa goma sha huɗu. Ba ta yi ƙarya ba, girmansu ne kawai ba ta ambata ba.

Bayan wata biyu kawunta, Alhaji Souleymane mai sayar da tayal, ya sauka Dubai. Ya kira Chamsou wani gidan abinci a Al Rigga, ya sa aka kawo masa rabin kaza.

"Ɗana, container biyu ce kacal," in ji Alhaji. "Ka sa mini a ƙarami cikin jiragenka, zuwa Kwatano."

Chamsou ya ajiye kazar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, gara ku zo ku gani da idonku."

Da suka hau bene na bakwai Alhaji ya fara tsarguwa. Aka buɗe ɗaki. Ya dubi jiragen, ya dubi surukinsa.

"Su ke nan?"

"Su ke nan, Alhaji."

Chamsou ya je ya cika baho, ya saki wani ja ɗan Japan mai fitila a goshi. Jirgin ya kewaya, yana ƙara kamar sauro. Alhaji ya daɗe a tsaye. Can ya naɗe hannun babbar riga ya zauna a bakin bahon.

"Wannan ba ya juyawa hagu ne?"

Sai la'asar suka fito. Alhaji ya roƙi jan, Chamsou ya ba shi haƙuri har sau uku. Tayal kuwa ta hannun wakilin jigilar da kowa ke ba kaya ta tafi, Chamsou ne ma ya ɗaure ta.

Da Alhaji ya koma Tawa, mutane suka taru jin labari. Ya gyara zama ya ce, "Na gan su da idona, goma sha huɗu cif. Har na tuƙa ɗaya."

Tun daga lokacin wayar Chamsou ba ta huta ba. Masu neman aikin jirgi har da wani tsohon soja. Kowa amsa ɗaya yake samu: babu gurbi yanzu, amma inshallah.