Aikin Yaya Habibu da Muka Ɗaura a Gonar Dawa

Damina bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu. Na ce damina domin a gidanmu ba wanda ya rubuta ranar, abin da kowa ya riƙe shi ne ruwan shuka na biyu ne, bayan la'asar. Ina 'yar shekara goma sha huɗu a lokacin. Yau na gama sakandare, ina buga tafireta a wani ofis a Karaye, amma har gobe in hadari ya haɗo daga gabas sai in bar bugun in tashi in rufe taga. Wannan takardar ma sau uku ina yaga ta. In magana ta yi zafi a yi mini uzuri, shirun shekara bakwai ne ya taru.

Mu mutanen Kwanyawa ne. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ƙaninsa Baffa Sale ya riƙe mu, ya riƙe gonar. Yaya Habibu ne kaɗai ya yi nisa a boko, har ya zama ƙaramin malamin kimiyya a jami'a. In ya zo hutu ni yake zaunarwa ya yi wa bayanin aikinsa, don ni ce ba na yi masa dariya. Ya ce akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, suna zubowa daga can wajen taurari ba dare ba rana, suna ratsa kwanon rufi, suna ratsa jikin mutum, ba wanda ya ji. Ya haɗa akwatuna biyu masu ƙirga su, da batirin mota. Ya ɗora ɗaya a kan soron zaurenmu, ɗaya kuma ya kai Ruwan Bago a ƙasar Rogo, gidan kawunmu. Duk ƙwayar da ta wuce sai akwatin ya yi ƙas.

Ƙirgar ba ita ce wahalar ba, in ji shi, lissafin ne. Dole a sa kwamfuta ta kwaikwayi zubowar ƙwayoyin nan sau dubbai, sannan a gwada da abin da akwatunan suka ji, a ga ko zato ya dace da gaskiya. Kwamfutar makarantarsu ba za ta iya ita kaɗai ba, ga ɗaukewar wuta da ke mayar da aikin mako guda baya. Saboda haka suka raba aikin su biyar, a makarantu daban-daban, har da wani a ƙasar waje. Kowa ya gama nasa sai ya zuba a faifai ya aika a haɗa. Faya-fayan nan kewayayyu ne, kamar faifan rufe ƙwarya, da baƙin zare mai sheƙi irin na kaset amma ya fi shi faɗi. Yakan naɗe su cikin babbar rigarsa in zai shiga mota, wai kada rana ta taɓa su, shi kuwa ya zauna da 'yar ciki.

"Gayya ce, Hadiza," ya ce mini. "An yanka wa kowa ɓangarensa na gona. In mutum ɗaya bai nome nasa ba, ciyawa ta ci aikin kowa."

Ranar da abin ya faru, hadari ne ya taso ba zato. Ya ce in riƙe masa tsani ya hau soro ya rufe akwatin da leda. Ya hau, ya rufe, har ya juyo ya sa ƙafa ɗaya a kan tsanin. Ban ji ƙarar ba, wallahi. Wani farin haske kawai na gani, sai na farka a ƙasa bakina cike da ƙasa, Inna tana jijjiga ni. Shi bai ƙara motsi ba.

Mutuwa ta Allah ce, ban taɓa jayayya da ita ba. Abin da ya biyo bayanta shi ne ya hana ni barci. Tun ba a yi sadakar uku ba magana ta fara yawo, wai tsawa ba ta faɗa wa mutum a banza, ko dai ɓarawo ne ko ya yi rantsuwar ƙarya. Wasu suka ce ai shi ya kira ta, ya kafa ƙarfe yana leƙen abin da Allah ya ɓoye. Matan da ya sha rubuta wa wasiƙa kyauta su ne suka riƙa kauda kai in sun wuce ƙofar gidanmu. Malam Iro, mai makarantar allo ta unguwarmu, shi ya yi masa wanka, kuma shi kaɗai ya buɗe baki. Ya ce a gaban jama'a wanda duk ya san dalilin mutuwar bawa to ya yi da'awar sanin gaibu, ya je ya tuba. Ya ce shi da kansa ya sha zama a gindin soron nan yana sauraren akwatin, bai ji komai a ciki ba sai ƙarin tsoron Allah. Aka ce tsufa ne ya kama Malam. Ba a daɗe ba shi ma ya bi, Allah ya haskaka kabarinsa.

Baffa ya farfasa akwatin soro da gatari, ya aika Ruwan Bago a yi wa ɗayan haka. An daɗe da yin sadakar arba'in sannan mota ta zo da kayan ɗakin Yaya daga birni: katifa, littattafai, da kwali ɗaya cike da faya-fayai goma sha biyu. Waɗanda suka kawo 'yan boko ne, sun ga rubutun da ke jikin kowane faifai. Ba wanda ya ce mana ku adana wannan. Suka sha ruwa, suka yi addu'a, suka ce hanya ba kyau, suka juya. Su ma ina da magana da su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Baffa ya so ya ƙone faya-fayan, ya ce ba abin da zai kwana a gidansa daga aikin da ya jawo tsawa. Sai wani maƙwabcinmu ya ce asara ce, ai zaren kaset ba abin da ya kai shi korar tsuntsu, balle wannan mai faɗi. Lokacin dawa ta fara ido, jan-baki sun addabi kowa. Aka kafa sanduna a gona. Aka zura kara a ramin faifan, aka ce in riƙe, Baffa ya kama bakin zaren yana tafiya. Ni na riƙe karan. Faifan yana juyawa a hannuna, aikin shekara uku yana warwarewa, na san abin da ke ciki, amma ban saki karan ba. Zaren ya yi ta ƙyalli a rana yana kuka in iska ta buga shi. Maƙwabta suka zo roƙo, aka rarraba musu har ƙauyen Yola na kusa da mu. A shekarar aka yi dawa ƙwarai, aka cika rumbu. Ranar sussuka na ji wani yana ce wa Baffa, cikin dariya, to ga shi dai bokon Habibu ya yi rana. Baffa ya yi dariya shi ma. Tuwon dawar nan ban ci ba sai da yunwa ta kayar da ni.

An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda, a kan gona da aure da zaman duniya. Amma a wannan, babba bai hango komai ba, kuma yarinyar da ta gani tsoro ya rufe mata baki.

Shekara biyu bayan haka wani baƙo ya yi sallama a zaurenmu, dogo, mai tabarau, Hausarsa da ɗan karkata. Ya ce yana cikin mutum biyar ɗin nan. Su huɗu sun gama nasu, sun nemi kason Habibu a makaranta ba su samu ba, kuma in babu shi aikin yana da rami a tsakiya, ba kuma yadda za su sa sunansa a kan abin da ba su gani ba. Ya ce ko faifai ɗaya ne ya tsira a taimaka masa. Baffa ya ce an ƙone duka, ya raka shi bakin hanya. Ina bayan ƙyaure, ina jin komai. Taku uku ne tsakanina da mutumin nan. Ban fito ba har ya tafi.

Yanzu a ofishinmu ana ta labarin wai kwamfutoci sun fara magana da juna ta wayar tarho, abin da ake ɗauka a mota kwana biyu yana isa kafin shayi ya huce. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai yi dariyar nan tasa mai rufe ido, ya ce gayya ta samu keke. Na kuma san zai tambaya ko wutar ta daina ɗaukewa, in ce masa a'a. Zai tambaya ko 'yan makarantar Karaye da Rogo sun taɓa ganin kwamfuta da idonsu, in sunkuyar da kai. Abin da ba na so ya tambaya shi ne ina kasonsa. Duniya ta ci gaba da irin aikin da ya mutu a kansa, a garinsu kuwa in yaro ya cika tambaya har yau ce masa ake yi, ka dai tuna Habibu.

Me ya rage na mutumin nan? Ba ɗa, ba gida, ba hoto sai na katin makaranta. Littattafansa gara ta gama da su. Sunansa ya zama abin tsorata yara. In na auna, abu biyu na samu. Na farko ni ce, da ban daina tambaya ba ko da a zuci. Na biyu shi ne dalilin wannan rubutu.

Faya-fayan da aka warware goma ne. Kafin a fita da kwalin na zare biyu na tura cikin kwallar Inna, ƙarƙashin zannuwanta. Ko ita ba ta sani ba. Tuni na ɗauke su daga can, kuma ba zan faɗi inda suke ba. Ban san ko zafin shekara bakwai ya cinye abin da ke ciki ba, ban san ko biyu cikin sha biyu za su toshe wani rami ba. Amma rubutun hannunsa yana jikinsu, da sunansa, da lambar kasonsa. Malam mai tabarau, ban san sunanka ba, ban san inda kake ba. In kai ko wanda ya san ka ya ga wannan shafi, editan jaridar nan ya san yadda za a same ni. Ka zo ka gwada su a injinku. In babu komai a ciki ka faɗa mini, zan iya ɗauka. In akwai ko layi ɗaya, ka rubuta sunan Habibu cikin na mutum biyar ɗin, ka ba ni takardar in kai Kwanyawa a karanta a zauren da aka zage shi.

Baffa, na san kafin Juma'a wani zai kawo maka jaridar nan ya karanta maka, ya ƙara gishiri. Kai ka ciyar da ni, kai ka biya mini makaranta, ban manta ba, kuma ina tsoronka yau kamar yadda nake tsoronka ina ƙarama. Zan zo gida in durƙusa in gaishe ka kamar kullum. Ka tambaye ni sau ɗaya ko akwai saura, na ce maka babu. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini ita. Akwai saura biyu, kuma ba zan ba ka ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habibu, ya wanke shi daga bakin mutane.