Rimot ɗina, talabijin ɗin Haladu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Haladu Direba ya rasu.

Ɗansa Bashir ne ya kira ni yau da safe, ina riƙe da kofin koko. Ya ce, "Baba Akawu, sai haƙuri, Baba ya cika bayan asuba." Kafin in sami motar Jahun an riga an kai shi. Kokon yana nan inda na ajiye shi.

Waɗanda suka yi aiki a Dutse farkon ba mu jiha sun san shi. Dogon nan mai jan motar ma'aikatarmu, wanda ba ya wuce mutum a rana. Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, kuma ba laifinku ba ne, ya daɗe da ɓacewa daga idon mutane.

Gida ɗaya muka yi haya a Yalwawa. Lokacin ɗaki ya fi nama tsada a garin nan, kowa ya baro iyalinsa a gida, sai Juma'a a tafi. Nawa suna Kano, nasa suna wani ƙauye kusa da Jahun. Ƙofata tana kallon tagarsa, 'yar siririyar hanya ce tsakaninmu.

Bai taɓa kiran sunana ba. Akawu. Ni kuma in ce masa Yallaɓai Direba, ya ce, "Yallaɓan da ke wanke mota da kansa?"

Duk Litinin sai ya dawo min da wani abu daga gona. Gero, kuka, wani lokacin nono a galan. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya goya ni zuwa mota kamar buhun masara, yana ta zagina wai akawun banza da ba ya cin abinci sai burodi.

Wata tafiya da muka yi Kano muka sayo talabijin, ta hannu, 'yan Kwatano, iri ɗaya sak, kowa da tasa. Kafin nan irin mai murɗawa muka sani, ka murɗa murya ta tashi, ka murɗa ta sauka. Wannan kuwa rimot gare ta. Ka danna, 'yan sanduna kore su jeru a ƙasan gilashi, lamba ta fito a gefe. Ga kuma wani maɓalli da aka rubuta miyut. Ka danna shi murya ta ɗauke ɗif, hoton lasifika da aka ja wa layi ya fito a kusurwa. Ka sake dannawa ta dawo daidai inda ka bar ta, ba ƙari ba ragi.

Mun yi ƙauyanci a kan abin nan, wallahi. Har leda muka naɗa wa rimot.

Tawa a kan sha biyar take zama, kuma ina ji raɗau. Ta Haladu ta fara a talatin. Bayan 'yan watanni ta haura arba'in. Ina cikin ɗakina amma labarunsa nake saurara. Na yi mita har na gaji. Ya ce ai lasifikar tasa ce mai rauni, an cuce shi a kasuwa.

Wata rana da yamma na gano rimot ɗina yana yi wa tasa aiki. Tunda iri ɗaya ne, in na tsaya a bakin ƙofata na saita ta tagarsa, sai ta amsa. Na ce yau zan rama. Yana zaune a tabarma yana kallo, na danna masa miyut, na maƙale ina jiran ya tashi ya hau dukan akwati.

Bai taɓa akwatin ba.

Yatsa ya sa a kunne ya girgiza. Ya koma ɗaya kunnen. Ya tafa hannu kusa da kansa. Na ga fuskar babban mutum ta koma ta yaron da ya ɓata a kasuwa. Dariyar da na tanada ta ɓace. Na yi maza na mayar masa da murya, na shiga na nuna masa rimot.

Sannan ya ce, "Akawu, na ɗauka shi ke nan."

Ranar ya gaya min. Tun wani zazzaɓi mai zafi da ya yi, kunnuwan suke tafiya kaɗan-kaɗan. Ya je asibiti a ɓoye, an ce jijiya ce, ba ta dawowa. A mota da madubi yake aiki, da kallon bakin mutane. Ya ce, "In ofis suka ji, makulli za su karɓe. Wa zai ba kurma mota? Yaran can da sitiyarin nan suke ci. Ka rufa min asiri."

Na ce na rufa.

Amma akwai abin da ya fi ofis damunsa. Masallacin unguwa a jikin gidanmu yake, ba lasifika, ladan da bakinsa yake kira. Kowa ya san al'adarmu, da an ce Allahu Akbar sai a kashe rediyo, a kashe talabijin, a amsa. Haladu ba ya jin kiran, tasa kuma tana ta ɓaɓatu. Mutane sun fara magana. Wai direban nan ba ya girmama kiran sallah. Wai a yi masa sallama ya share mutum, girman kai don yana jan manya.

Sai muka yi dabara. Da ladan ya ɗaga murya, in fito bakin ƙofa in danna masa miyut. Da ya ga alamar nan a kusurwa, ya san an kira. Sai ka ga ya miƙe yana laluben buta.

Ya ce, "Ladanina yana cikin leda."

Haka muka yi ta yi har aka shigo shekarun shari'a. Kun tuna yadda gari ya zama. Masallatai suka cika, kowa ya gyara zama, samari suka shiga sa ido a unguwa, wasu don Allah, wasu don a san da su. Talabijin kanta ta zama abin da ake yi wa kallon gefe. Lokacin lambar Haladu ta wuce sittin. Ita ce take gaya mana gaskiyar kunnensa, ba sai mun je wurin likita ba. Ni da shi mun daina zancenta.

Akwai abin da ba mu sani ba game da akwatin nan. Lambar murya tana riƙe ta ko an ɗauke wuta. Miyut kuwa ba ta riƙe shi. In wuta ta tafi ta dawo, irin tamu sai ta kunna kanta, ta manta an ce ta yi shiru, ta dawo da muryarta cif yadda take. Ba wanda ya gaya mana. Takardar da ta zo da ita ma ba da yaren da muke ji aka rubuta ba.

Wata magariba na danna masa, ya fito, muka shiga sahu. An cika, sahu ya kai har ƙarƙashin tagarsa. Muna raka'ar farko wuta ta ɗauke. Muna ta biyu ta dawo.

Jama'a, kiɗa. Kiɗan talla, da mata suna rangaɗa waƙa, a kan sittin da wani abu, a tsakiyar Fatiha. Liman ya ɗaga murya, kiɗa ya danne shi. Ni gumi har cikin ido. Na saci kallon Haladu a gefena. Kansa a sunkuye, hankalinsa kwance, yana sallarsa. Duk masallacin shi kaɗai ne bai san abin da ke faruwa ba.

Da aka sallame ya miƙo min hannu yana murmushi, sai ya ga kowa shi yake kallo.

Samari suka taso. Wani ya ce a fito da akwatin a fasa. Mai gidanmu ya ce gobe ya kwashe kayansa, ba zai ajiye mai raina sallah ba. Na shiga tsakani ina ta bayani, wuta ce, an sa ta a miyut, ita ta kunna kanta. Malam Liman, Allah ya ji ƙansa, ya fara gyaɗa kai. Har na ce mun tsira.

Sai wani saurayi da ya shiga ɗakin ya kashe ta ya fito ya ce, "To mun ji wuta ce. Amma wane mai kunne ne yake kallo a kan wannan lamba? Kuma kowa ya zabura, shi ko gezau. In ba raini ba mene ne?"

Haladu yana bin bakunansu da ido. Ya kalle ni. Na girgiza masa kai, don a sahun nan akwai mutanen ma'aikatarmu, har da shugaban direbobi. Da ya yi shiru, da tashin gida kawai zai yi, da sunan banza a unguwa.

Ya ce, "Malam, wallahi ban ji ba. Ba na ji. Na fi shekara ban ji kiran sallah ba. A ce min kurma, na yarda. Amma kada a ce na raina sallah."

Malam Liman ya kama hannunsa ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Malam Haladu. Ka yafe mana." Mai gida ya sunkuyar da kai. Samarin suka zame ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tausaya.

Tausayi bai hana a karɓi makulli ba.

Ba zan zagi kowa ba, don in gaskiya ake so mota ba wasa ba ce, rayuka ne a ciki. Amma an mayar da shi wanke motocin da yake ja, yaran da ya koya wa ribas suna miƙa masa bokiti. Da aka zo rage ma'aikata sunansa na sahun gaba. Ya ɗaure talabijin ɗinsa da igiya a bayan motar haya ya koma ƙauye. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, ni ne nake ta yi masa, har yau kuma ban huce ba.

Bayan ya tafi na daɗe in an kira sallah sai in tsinci kaina a bakin ƙofa da rimot, ina saita tagar wani.

Ganinmu na ƙarshe bayan babbar sallar bara ne. Na same shi a zaure, ya rame, kunnen ya tafi gaba ɗaya. Bashir ya saya masa na'urar nan ta sawa a kunne, ya ce ba ta yi masa komai ba sai ƙaiƙayi. Sun kafa masa talabijin ta zamani a bango, fallen gilashi. Tana kunne, alamar miyut tana kusurwa. Bashir ya ce kullum a haka take, ba ya yarda a cire.

Ya ga ina kallon alamar, ya yi dariya. Ya ce, "Jikoki ne ladanaina yanzu. Su taɓa min kafaɗa. In wasa ya yi daɗi su manta da ni, sai in ga inuwa ta juya."

Muryarsa ta koma irin ta wanda ba ya jin kansa, wani wuri ta yi sama, wani wuri ta nutse.

Da na tashi tafiya ya riƙe min riga. Ya ce, "Akawu, ka yi min abu ɗaya. Matso. Ka kira min sallah a kunne, yadda ake yi wa jariri. Da ƙarfi fa, kada ka ji kunya. Ko kaɗan ne in ji."

Na durƙusa. Na sa bakina a kunnensa na dama. Ni ba ladan ba ne, muryata kamar ta tsohon janareta, amma na buɗe ta iya ƙarfina, har mata suka leƙo daga cikin gida. Ya rufe ido. Na yi tun daga Allahu Akbar har La ilaha illallah, ban tsallake komai ba.

Na ja da baya ina haki. Idonsa a rufe, yana jira.

Sai ya ce, "Ka fara?"

Ya buɗe ido ya ga fuskata, ya gane. Ya shafa min kafaɗa, shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce, "Ba komai. Allah ya sa in ji na can."

Ban sake komawa ba. Na yi ta cewa sai wani satin.

Ɗazu aka kira azahar. Talabijin tana kunne a falo ba mai kallo, hannuna ya danna miyut da kansa. Alamar ta fito a kusurwa, irin waccan sak, lasifika da layi. Na zauna ina kallonta har aka tayar da sallah. Ba wanda zai gan ta ya laluba buta. Ban san yadda zan yi da zuciyata ba yau, wallahi ban sani ba.

Ya Allah, ga bawanka Haladu. Ya zaɓi a ce masa kurma a kan a ce ya raina sallarka, kuma abincin 'ya'yansa ya tafi a kan haka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka buɗe masa kunnuwan nan, Ka jiyar da shi abin da ya roƙa. Ka ba Bashir da ƙannensa da mahaifiyarsu haƙuri.

Ku kuma da kuka karanta, ba na neman komai sai addu'a. In an kira sallah anjima, ka ɗauki rimot ka kashe murya, kai da kake ji, ka amsa wa ladan, sannan ka ce Allah ya ji ƙan Haladu Direba.