Jakin Katun da Na Tura wa Unguwarmu

Da ana janye magana bayan ta fita, da na janye wadda na yi ta faɗa wa iyayen yara a shagona na kusa da Ƙofar Doka: "Ɗauki, ba komai a ciki."

Tun da faifai ya daina tafiya na koma tura finafinai a waya. Samari ma suna yi, amma iyaye wurina suke zuwa saboda furfurata. A ganinsu, dattijon da ba ya rasa sahun farko ba zai ba 'ya'yansu abin banza ba. Tambayarsu ɗaya ce: "Baba, ya dace da yara?"

Sai wani katun ya fito da Hausa. A fostarsa dabbobin 'yan mitsi-mitsi ne can ƙasa. Abin da ya cika takardar fuskar wani jarumi ce da rawani, wanda kullum a liman yake fitowa, ko uba mai nasiha. Shi ya yi muryar zakin da ke cikin fim ɗin. Ina ruwan ɗan shekara shida da shi? Mu iyaye aka ɗana wa fuskar nan, kuma muka faɗa. Na manna fostar a ƙofa, duk wanda ya tambaya sai in nuna masa rawanin da yatsa. Ko minti ɗaya ban kalla ba. Wai ni na girmi kallon katun.

Maƙwabcina lebura ne, daga ƙauye ya taso ya kama haya a jikin gidanmu. Shi ma na tura masa saboda 'yarsa mai shekara takwas, wadda ba ya gajiya da ba ni labarin haddarta a Islamiyya.

Bayan mako biyu ya zo shago. Na nuna masa benci, bai zauna ba.

"Baba, ka kalli abin nan kuwa?"

"Ba ka ga wanda ke ciki ba?"

"Na gan shi. Kai nake tambaya."

Ya miƙo mini wayar. Ashe akwai wani jaki ɗan ƙauye da ya shigo birni neman aiki, yana magana irin ta mutanen ƙauyen maƙwabcin nawa. Duk inda ya ɓullo sai zakin ya toshe hanci, ya ce da muryar nan ta liman a mayar da shi gona, sauran dabbobi su kwashe da dariya. Yaran unguwa sun haddace tsaf. Da yarinyar ta buɗe baki za ta biya karatu, sai a toshe hanci a yi kukan jaki. Kwana shida ke nan ta ƙi zuwa makaranta.

"Duk gidajen nan kai ka tura musu," in ji shi. "Da wani ne ya ba ni, da na duba."

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Masu fim ɗin sun san rawani na kashe bakin iyaye, shi ya sa suka nemo jarumin. Shi kuma da bakinsa ya faɗi maganganun nan, bai ji kunya ba. Amma shi bai san yarinyar ba. Ni na san ta, kullum sai ta durƙusa ta gaishe ni.

Na yage fostar, na bi gida-gida ina roƙon a goge. Wasu suka goge, wasu suka ce ai wasa ne. Malaminsu ya tsawatar, yarinyar ta koma kwana biyu, ta sake dainawa. Da damina ta faɗi uban ya kai ta ƙauye wurin kakarta. Muna gaisawa har yanzu, amma bai ƙara zama a bencina ba.

Ku iyaye, da ku masu tura finafinai, ina roƙonku kada ku yi irin nawa. Ku zauna ku kalla daga farko har ƙarshe kafin ku miƙa wa yaro, ko fuskar wane ce a jikin fostar.